Yadda Ake Sayar da Tsohuwar Motar da Gyaranta Ya Tsaya a Hanya

A cikin birnin Kano, daga Madabo zuwa gindin Dala har Ƙofar Mazugal, akwai gidaje da dama da wata tsohuwar mota ke kwance a gareji ko a jikin katanga, an ɗora ta a kan bulo, an lulluɓe ta da tamfol, awaki suna hutawa a inuwarta. Yawanci Fijo ce 404 ko 504, ko Marsandi ta shekarun 1970, ko Volkswagen mai ƙirar kunkuru. Jefi-jefi kuma a ci karo da doguwar motar Amurka, Chevrolet ko Pontiac, irin wadda attajirai da manyan ma'aikata suka hau a zamanin fam da sule. Labarinsu kusan ɗaya ne. Maigida ya tashi gyara da zafinsa, aka sauke inji, aka kankare fenti, aka ciccire kujeru, sai kuɗi suka yanke, ko kaniken ya tashi daga garejin, ko Allah ya yi wa mai motar rasuwa. Yau ga ta nan rabi a haɗe, rabi a buhu, iyali kuma suna so a rabu da ita.

Gyara da dillancin irin waɗannan motoci shi ne sana'ata, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kurakuran da nake gani ana maimaitawa. Wani ya ci bashi ya fesa mata fenti mai ƙyalli yana tsammanin zai ninka kuɗinta. Wani ya jona batir ya murɗa makulli a injin da ya shekara goma bai motsa ba, ya lalata shi a minti ɗaya. Wani ya sayar da fitilu da bamba daban, sannan ya rasa mai taya gangar jikin. Duk asarar nan ana iya kauce mata. Mai sayen motar da ba a gama ba ya san abin da ya zo nema. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abu uku yake biya wa kuɗi: takardu masu tsabta, cikakkun sassa, da bayanin da zai iya dogara da shi. A kansu za ka kashe ƙarfinka.

Abin da za ka tanada

Duk takardar da ta shafi motar, komai tsufanta, har rasit ɗin kanike da ya yi ja.
Littafin rubutu, biro, ledoji da kwalaye.
Tocila mai haske, sukundireba, ɗan ƙaramin mayen ƙarfe, da tef ɗin awo.
Jak, tare da ƙafafun ƙarfe ko kututturen itace masu kauri na tokare mota.
Batir mai caji, sabon baƙin mai, galan ɗin sabon fetur, da tukunyar kashe gobara.
Waya mai ɗaukar hoto sosai.
Dattijon kaniken da ya ƙware a kafireto, da shaidu biyu na ranar ciniki.

In motar ta Amurka ce, ka nemi sifanu masu awon inci. Ƙusoshinta ba na milimita ba ne irin na Fijo da Marsandi, kuma sifanar da ta kusa daidai amma ba ta zauna ba ita ke cinye kan ƙusa.

Mataki na 1: Ka tabbata kana da ikon sayarwa

Kafin ka ɗaga tamfol, ka tambayi kanka motar ta wace ce. In ta mamaci ce, to ta shiga gado, kuma kasancewarka babban ɗa ko wanda makulli ke hannunsa bai ba ka ikon sallamawa ba. Mata da 'ya'ya mata da marayun da ba su balaga ba duk suna da rabo a cikinta. Ko dai a raba gado ta faɗo a kasonka, ko magada su wakilta ka a rubuce da sa hannunsu, ko kotun shari'a ta ba da izini. Na ga cinikin da aka gama, aka ja mota har Kaduna, sannan wata 'yar marigayin da ke aure a wani gari ta ji labari ta kai ƙara. Mai saye ya dawo da mota, kuɗi kuma an riga an taɓa su, zumunci ya yi tsami.

Haka kuma in motar tana garejin wani, ka je ku zauna ku yi lissafi. Kanike da mai walda da mai fenti na iya bin bashin aiki, mai fili na iya neman kuɗin ajiya. Ka biya, ko ku rubuta cewa za a cire daga kuɗin ciniki. In ba haka ba, ranar ɗaukar mota za ka ga an tare ƙofa a gaban baƙonka.

Mataki na 2: Ka tsayar da gyara

Wannan shi ne abin da ya fi yi wa mutane wuyar karɓa. Da zarar ka yanke shawarar sayarwa, kada ka ƙara kashe kuɗi a kan kwalliya. Musamman fenti.

Dalili kuwa shi ne, wanda ya san tsofaffin motoci yana tsoron sabon fenti fiye da tsatsar da yake gani da idonsa. Tsatsar da ke fili zai auna ta, ya ƙiyasta kuɗin walda, ya cire daga tayinsa. Sabon fenti kuwa bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba, don haka zai ɗauka mafi muni ne, ya kuma ƙara kuɗin kankare aikin da ka biya. Ka yi asara sau biyu ke nan. Haka sabon ɗinkin kujera da ledar da ba ta dace da zamanin motar ba, da rediyon zamani da aka yanka dashbod don a cusa shi, da gilashi mai duhu. Kujerar asali da ta yage ta fi daraja, domin mai ɗinki zai ɗauki fasali daga jikinta.

Abin da ya dace ka yi kaɗan ne kuma mai arha. Ka share kashin ɓera da ƙura, ka wanke ta da ruwa da sabulu, ka ba tayoyi iska ko ka ara mata tsofaffin da za su riƙe iska, ka saki birkin da ya kama, don ta gangara in an tura. Motar da ke gangarawa a kan ƙafafunta ta fi wadda sai an ɗauke ta da ƙugiya saurin samun mai saye. In akwai ƙarfen da aka kankare aka bari tsirara, ka shafa masa siririn fentin ƙasa mai hana tsatsa, ka faɗa wa mai saye ka yi hakan.

Mataki na 3: Ka tattaro sassanta wuri ɗaya

Motar da aka wargaza ba ta zama a wuri ɗaya. Kafireto yana wurin wani kanike a Kwakwaci, lagireto yana hannun mai walda, kujeru suna wurin mai ɗinki, bamba tana kan rufin ɗaki, ƙusoshi suna cikin gwangwanin madara a soro. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya tun waɗanda suka karɓa suna tunawa. Ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka baje komai, ka kira kanikenka ya faɗi sunan kowane, kai kuma kana rubutawa. Ƙananan abubuwa a leda, a rubuta sunansu da ɓangaren da suka fito, dama ko hagu, gaba ko baya. Daga ƙarshe ka fitar da jeri biyu: abin da ke nan, da abin da ya ɓata.

Ka san abin da ke da tsada a cikinsu, don ba koyaushe ne babba ya fi ƙarami ba. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Fijo a 1975, ya kuma yi kusan shekara talatin yana fitar da 504, shi ya sa kayan injinta da na ƙafa ba su gagari mai nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ba. Abin da ke wahalar samu shi ne fitilun asali, tambarin zaki, agogon dashbod, mariƙin ƙofa da siraran ƙarafan adon da ke bin jiki. A motar Amurka abin ya fi tsanani. Kayan injin Chevrolet har yau ana ƙera su a can, mai dala zai yi oda. Amma gilashin gaba mai lanƙwasa, ko bamba mai ƙyalli, ko jar fitilar baya, in suka ɓata ko suka fashe, kuɗin sayensu da na jirgi na iya sa mai saye ya fasa gaba ɗaya. Ka naɗe gilashi da bargo, ka jingine shi a tsaye inda yara ba sa wasa.

Kada ka jefar da tsohon abu don ka sayi sabo. Tsohon kafireto, tsohon inji da aka sauke aka sa na wata mota, duk su bi motar. Kuma ka toshe kunnenka daga mai cewa ka sayar masa da fitilu kawai. Da ka fara cire mata, ta tashi daga motar gyara ta koma ta 'yan gwangwan.

Mataki na 4: Lambobi da takardu

Ka nemo lambar jikin mota da lambar inji, ka goge su da tsumma da ɗan kalanzir, ka rubuta, ka ɗauki hoto, ka gwada da abin da ke takarda harafi bayan harafi. A Fijo da Marsandi akwai ɗan farantin ƙarfe a ɗakin inji. A motocin Amurka da aka ƙera kafin 1968 yawanci farantin yana jikin ginshiƙin ƙofar direba, daga 1968 kuma aka mayar da shi kan dashbod inda za a hango ta gilashi. Lamba mai haruffa da alƙaluma 17 da ma'aikata suka saba gani yanzu sai a 1981 ta zama ƙa'ida, saboda haka gajeriyar lamba a tsohuwar mota ba alamar sata ba ce. Kada ka bari mai walda ya cire farantin nan ko ya sake buga lamba don ta fito ras. Lambar da aka taɓa tana jawo zargi, ko da gaskiya ce.

In inji ba na asali ba ne, lambarsa ba za ta dace da takarda ba. Ka faɗa tun farko, ka nemo rasit ɗin injin in akwai. In takardun mallaka sun ɓata, ka yi rahoto wurin 'yan sanda, ka yi takardar rantsuwa a kotu, sannan ka je ofishin lasin motoci na jiha a nuna maka abin da ya rage. Ka bi ta ofis da ƙafarka. Takardar da wani ya haɗa maka a bayan fage za ta iya jefa ku duka biyu cikin shari'a.

Tsofaffin takardu kuwa dukiya ne. Rasit ɗin SCOA na Fijo, na Leventis na Marsandi, na Mandilas na Volkswagen, littafin sabis mai hatimi, tsohuwar lambar Kano, hoton mai motar tsaye a gefenta ranar Sallah. Rasit ɗin da aka rubuta da fam da sule shaida ce cewa an saye ta kafin naira ta fito a 1 ga Janairun 1973. Masu sha'awa suna ƙara kuɗi a kan irin wannan, domin shi ke bambanta motarka da wadda ba a san asalinta ba.

Sai maganar sitiyari. Har zuwa 2 ga Afrilun 1972 a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, motocin lokacin da yawa sitiyarinsu a dama yake. Wasu an juya su, wasu an bar su. In taka an juya, ka sa kanike ya duba ingancin aikin. In tana nan a dama, ka sanar da mai saye, domin hukumar kiyaye haɗurra ba ta yarda da hawa irinta a titi ba.

Mataki na 5: Ka binciki jikinta kafin mai saye ya bincika

Iskar Kano busasshiya ce, motocinmu ba sa ruɓewa kamar na Legas da Fatakwal, kuma wannan abin faɗa ne wurin ciniki. Namu ciwon daban ne. Rana tana gasa robobin gilashi har su tsattsage, ruwan Agusta ya bi ta nan ya kwanta a ƙarƙashin kafet, ƙurar hunturu ta toshe ramukan da ruwa ke fita, ƙasan mota ya ci daga ciki ba wanda ya sani.

Ka ɗage kafet gaba da baya. Ka fitar da safaya ka haska ramin but. Ka duba ƙarƙashin mazaunin batir, gindin ƙofofi, dogayen ƙarafan da ke ƙasan ƙofa, da wuraren kafa jak. A 504 ka ƙara duba inda ƙafafun gaba suka kama jiki a ɗakin inji, da inda gatarin baya ya kama ƙasa. Yawancin manyan motocin Amurka na shekarun 1960 jikinsu a ɗore yake a kan firam, sai ka bi firam ɗin daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa da sukundireba. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ƙarar ta mutu, ɓawo yana zubowa, wani lokaci bakin sukundireban ya nutse.

Sannan ka naɗe mayen ƙarfe da ƙyalle ka bi jikin motar a hankali. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya sulale ya faɗi, an cika wurin da ƙullin da masu gyaran jiki ke shafawa. Ka zagaye wurin da alli ka rubuta a littafinka.

Hattara: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada ka yarda da bulon siminti, yana fashewa ba gargaɗi. Ka buɗe ƙofofi da but ka ja baya tukuna, don kunama da maciji da rina suna son irin wannan wuri. Ƙurar tsohon birki na iya ƙunsar sinadarin asbestos mai lalata huhu, a jiƙa ta a goge, kada a hure ta da baki ko da iskar famfo.

Mataki na 6: Inji

In inji a warwatse yake, ka bar shi haka. Mai saye ya fi son ya ga silinda da fiston da idonsa. In a haɗe yake amma ya daɗe bai tashi ba, to bi a sannu.

A cire filogi duka, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu. Sannan a sa sifana a ƙusar gaban inji a juya da hannu. In ya juya, alhamdu lillahi. In ya ƙi, a tsaya nan, a rubuta cewa ya kama. Kada a ɗaure motar a bayan wata a ja ta cikin giya don a tilasta shi, nan ake karya ringi a lanƙwasa sanda. In ya juya, a zubar da tsohon mai a zuba sabo, a cika lagireto, a bi wayoyi a ga inda ɓera ya ci. Fetur ɗin da ya shekara a tanki ya zama danƙo, don haka a cire tiyon tanki a ba kafireto sabon mai daga galan. A fitar da motar fili in zai yiwu, tukunyar kashe gobara a hannun wani, yara su yi nisa. Kada kowa ya leƙa bakin kafireto lokacin da ake murɗa makulli, yana iya yin aman wuta. Ka kuma tabbatar da ƙarfin wutarta kafin ka jona batir: Volkswagen ta kafin 1967 da motocin Amurka na farkon shekarun 1950 da yawa bolt 6 suke, batir mai 12 zai ƙone musu kaya.

In ya tashi, ka ɗauki bidiyo tun daga murɗa makulli yana sanyi, a ga hayaƙin salansa, a ji ƙararsa. Minti kaɗan ya isa. Amma tashin inji ba izinin hawa titi ba ne. Robobin birki sun bushe, tayoyi sun tsattsage ko da zanensu bai cinye ba, kuma motoci da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960 layin birkinsu ɗaya ne, tiyo guda ya fashe ƙafa huɗu sun tafi. A lungun da almajirai da 'yan makaranta ke kai da kawowa, wannan ganganci ne da rai.

Mataki na 7: Ka rubuta gaskiyarta

Yanzu ka zauna da littafinka ka fitar da shafi ɗaya: ƙira da shekara, lambobi, yaushe ta daina hawa titi, aikin da aka gama da wanda ya yi shi, aikin da aka fara ba a gama ba, abin da ya ɓata, inda tsatsa take, halin inji, halin takardu. Ka guji "saura kaɗan a gama". Kowane mai saye ya ji wannan magana har ta gundure shi. Ka ce an yi waldar ƙasa ta dama, ta hagu ba a taɓa ba.

Mu mutanen Madabo bai kamata a tuna mana wannan ba, unguwar da aka sani da karatun fiƙihu tun zamanin Wangarawa, inda aka yi ta bitar littafin Mukhtasar zuriya bayan zuriya. Hukuncin a fili yake: wanda ya san aibi a kayansa wajibi ne ya bayyana shi, in ya ɓoye mai saye yana da damar mayarwa. Cewa "na sayar a yadda take" ba ya wanke mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru. Kuma ko ta fuskar kasuwa, takardar nan tana kare ka. Aibin da ka faɗa da bakinka an riga an lissafa shi a farashi. Wanda mai saye ya gano da kansa kuwa da shi zai karya maka kuɗi, ya kuma daina yarda da sauran maganarka.

Hotuna a ɗauka da hantsi ko da la'asar sakaliya: kusurwa huɗu, ciki, ɗakin inji, but, ƙasa, lambobi, tabarmar sassa, da kowane wurin tsatsa kusa-kusa. Takardun mallaka kada ka sa hotonsu a Facebook ko WhatsApp, sai wanda ya zo ido da ido.

Mataki na 8: Farashi da mai saye

Kuɗin da aka kashe a gyara ba shi ne farashi ba. Wannan magana tana da ɗaci, musamman ga wanda ya ga mahaifinsa yana zuba dukiya a motar, amma kasuwa ba ta biyan abin da ya wuce. Lissafin mai saye daga sama yake farawa. A ce irinta kammalalliya tana kai kashi goma, ƙarasa gyaran taka zai ci shida. Taka ba ta wuce huɗu ba, shi kuma zai taya uku saboda abin da bai gani ba tukuna. Ƙasan farashi kuma shi ne abin da 'yan gwangwan za su biya a kilo. 504 ta haura tan ɗaya, babbar Chevrolet ta haura tan ɗaya da rabi. Ka tambayi kuɗin kilo a ranar don ka san iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba.

Masu saye iri-iri ne. Direban da ke jigila da 504 doguwa ko a-kori-kura a hanyoyin karkara da na Maraɗi da Damagaram yana neman inji da ƙafa, tarihi bai dame shi ba. Kanike yana neman sassa. Masu shirya fim da masu hayar motar biki suna neman kyan gani. Mai sha'awa daga Abuja ko Legas ko nan Kano yana neman asali, shi ne kuma ya fi biya, sai dai yana da tambaya kuma ba ya gaggawa. Motar Amurka mai silinda takwas, tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023, ba mai sayenta don zirga-zirgar yau da kullum. Kasuwarta ta masu sha'awa ce kawai, don haka ka ba ta lokaci, kada ka fitar da ita ana saura mako guda biki ko biyan kuɗin makaranta. Mai gaggawa a fuskarsa ake gani.

Ra'ayina shi ne motar da jikinta ke da lafiya kuma takardunta suka cika bai kamata a kai ta ga guduma ba sai an rasa yadda za a yi. Ba a ƙera irinsu kuma, kowace aka sare ta tafi ke nan.

Mataki na 9: Dillali da ciniki

Dillali ɗaya ya isa, wanda ya san tsofaffin motoci. Ku yanke la'ada tun farko a gaban shaida, ku kuma yarda cewa kai da mai saye za ku haɗu ku ji farashi daga bakin juna. In ka ba mutum biyar, kowa zai ɗora nasa, motar ta zaga gari da farashi biyar, mai saye na gaskiya ya tsorata. Kada ka sa abokinka ya zo yana taya ta da tsada alhali ba saye zai yi ba, don a zuga wani. Shari'a ta hana, kuma 'yan kasuwa suna ganewa.

Ka bar mai saye ya zo da kanikensa, ya shiga ƙasa, ya sa nasa mayen ƙarfen. Amma kada a kwance komai, kada wani sashe ya bar gidan da sunan za a je a gwada. In tayi bai yi maka ba, ka ce albarka cikin sakin fuska, sau da yawa wanda ya tafi yana dawowa. In an ba da kafin alƙalami, a rubuta adadinsa da ranar cikawa. A mazhabar Malikiyya ba a yarda mai kaya ya cinye shi don ciniki ya fasa ba, don haka ka ajiye shi kada ka taɓa.

Mataki na 10: Kuɗi, takarda, da fitar da mota

Saƙon waya ba kuɗi ba ne. Ka buɗe asusunka ka ga sun zauna, ko ku je banki tare. Wanda ya kira daga ƙasar waje bai ga mota ba, ya amince da farashi nan take, ya ce zai turo fiye da kuɗin ka miƙa ragowar ga mai jirgi, ɗan damfara ne, ka kashe wayar.

Tun kafin a sallama, ka ɗauki tef ka auna ƙofar gareji da lungu har bakin titi, musamman kwanoni. Faɗin 504 bai kai mita 1.7 ba, amma Chevrolet Impala ta 1964 faɗinta kusan mita 2 ne, tsawonta ya haura mita 5. Lungun da ta shiga shekara arba'in da suka wuce wataƙila an yi masa dakali, an fito da shago, an haƙa kwata, ko an kafa turken wuta. Akwai gidan da sai da aka rushe katanga aka fitar da mota. Ku yanke wa zai biya masu turi, motar ja, da gyaran abin da aka rushe. Ka sanar da maƙwabta da mai unguwa, a zaɓi sassafe bayan an fito daga masallaci kafin lungu ya cika. Mutum ɗaya a sitiyari, biyu riƙe da itacen tokare taya, kada kowa ya tsaya tsakanin mota da bango.

Takardar ciniki ta ƙunshi sunayenku da adireshi, lambar jiki da ta inji, farashi, kwanan wata, da jumlar da ke cewa mai saye ya karanta takardar aibobi da jerin sassa ya kuma karɓa. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafinsa, kai ka haɗa da kwafin katin shaidarsa. A ƙirga kwalayen sassa a gabansa kafin a loda.

Saura abu ɗaya da masu sayarwa ke sakaci da shi. Ka raka mai saye ofishin lasin a yi canjin mallaka, ko ku sa ranar yin sa a cikin takardar, ka kuma bibiya har ka ga an yi. Muddin motar tana ɗauke da sunanka ko na mahaifinka, duk abin da aka aikata da ita ƙofar gidanku za a fara ƙwanƙwasawa.